Raya Matacciyar Ƙasa: Hukuncinta a Fiƙihu, Darasin Maraɗi, da Abin da Ya Shafi Manoman Paraku da Jugu

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Yake saukar da ruwa daga sama, ƙasa ta rayu bayan ta mutu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, wannan bayani ne a kan raya ƙasar da ta daina ba da amfani: yadda take mutuwa, abin da shari'a ta tanada a kanta, inda aka gwada aka yi nasara, da abin da ya dace da manoman Paraku da Jugu a arewacin Jamhuriyar Benin. An rubuta shi domin limamai da ɗalibai da masu gona su samu abin komawa.

Mece ce matacciyar ƙasa?

Malaman fiƙihu suna kiran ƙasa "mawat" idan ba mallakar kowa ba ce, ba a amfana da ita, kuma ba ta cikin abin da gari yake buƙata na kiwo da itace da hanyar ruwa. Manomi kuwa yana cewa gona ta mutu idan ya zuba iri da ƙarfinsa bai fitar da abin da ya zuba ba. Ma'anonin biyu sun bambanta, kuma za mu buƙaci kowannensu a nan gaba.

Da yawa suna zaton hamada rairayi ne da yake tafiya daga Sahara yana cinye gonaki ɗaya bayan ɗaya. Akwai wuraren da hakan yake faruwa, kamar gabashin Nijar da arewacin Yobe, amma mafi yawan ƙasar da ta lalace a yankinmu a wurin da take ta lalace. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da hamada, wadda aka amince da ita a birnin Paris ranar 17 ga Yuni 1994, ta bayyana matsalar a matsayin lalacewar ƙasa a yankuna masu ƙarancin ruwa, sakamakon sauyin yanayi da ayyukan mutane.

Ga yadda abin yake faruwa. Albarkar gona tana cikin fatar sama, wadda kaurinta bai wuce taki ɗaya ko biyu na hannu ba. A nan ruɓaɓɓen ganye yake, da tsutsa da gara da ƙananan halittun da suke sassauta ƙasa. Idan aka sare itatuwa, aka ƙone ciyawa da karmami, sai ƙasa ta zauna tsirara. Ruwan farkon damina ya doke ta da ƙarfi, ya kwashe mai laushin, ya toshe ƙofofin da ruwa yake shiga. Iskar hunturu ta ɗauke abin da ya rage. Bayan 'yan shekaru sai ta zama fako, ruwa ya riƙa gudu a kanta kamar a kan daɓe, ya taru ya haƙa kwazazzabo. Ƙasa ba ta shan ruwa, don haka rijiyoyin kusa su ma sai su riƙa ƙafewa da wuri.

Halin da ake ciki a Paraku da Jugu

Paraku da Jugu ba hamada ba ne. Ruwan da yake sauka a can a shekara yana kaiwa wajen milimita 1,100 zuwa 1,300, wato ya ninka na Maraɗi sau biyu ko fiye. Fataken Hausa da suke bin hanyar Gwanja daga Kano da Sakkwato, su ratsa Nikki da Paraku da Jugu kafin su kai Salaga sayen goro, sun san wannan yanki da duhun daji. Sunan Jugu kansa daga Zugu ya fito, wanda mutanen garin suke fassarawa da kurmi a harshen Dendi. Daga tuddan wannan yanki ne kogin Weme, mafi tsawo a Benin, yake tasowa, kuma daga madatsar kogin Okpara ne Paraku take shan ruwa.

Sai dai abubuwa sun canza cikin rayuwar mutum ɗaya. A ƙidayar 2002 mutanen Paraku ba su cika 150,000 ba, a ta 2013 sun haura 255,000. Ƙaramar hukumar Jugu ta tashi daga kimanin 182,000 zuwa kimanin 268,000 a tsakanin shekarun nan. Kowane gida yana buƙatar gona da itacen girki. Abubuwa biyar ne suka fi cin ƙasar.

Na farko noman doya. Doya tana son sabuwar ƙasa, shi ya sa manomi yake shiga daji, ya hura wuta a gindin itatuwa su bushe a tsaye, ya yi shekara biyu ko uku, sannan ya ƙara gaba. A da ana barin saura ta huta shekaru goma ko fiye. Yau babu filin da zai ba da wannan dama.

Na biyu auduga. Benin tana cikin ƙasashen da suka fi noman auduga a Afirka, kuma mafi yawanta daga arewa take fitowa, musamman Banikwara da Kandi. Garmar shanu da tarakta ba sa son kututture, don haka ake tumɓuke shi har saiwa. Takin zamani yana ciyar da shukar bana, amma ba ya mayar wa ƙasa da ruɓaɓɓen ganyen da ta rasa.

Na uku gawayi da katako. Duk wanda ya bi hanyar Paraku zuwa Kwatano ko ta Jugu zuwa Basila ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Kirya da marke da kaɗanya ne suke ƙarewa a ciki. Maɗobiya kuwa an yi ta sararta ana kaiwa ƙasashen waje, har aka sanya ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya daga farkon 2017.

Na huɗu gobarar daji ta tsakiyar rani, wadda mafarauta da masu sharar gona suke tayarwa. Na biyar cunkoson dabbobi a ɗan filin da ya rage bayan gonaki sun cinye burtali da makiyaya.

Alamomin gajiyar ƙasa ba ɓoyayyu ba ne: ƙuduji, wanda wasu suke kira wuta-wuta, ya cika gonar dawa da masara, tofa ta mamaye saura, tsakuwa da marmara suka fito fili, rafin da yake kaiwa bazara ya ƙafe tun hunturu. Can arewa, wajen Malanbil da Karimama a bakin Kwara, inda ruwa ya fi ƙaranci, fako ya riga ya bayyana kamar yadda yake a Nijar.

Babin raya ƙasa a fiƙihu

Alƙur'ani ya ambaci rayuwar ƙasa bayan mutuwarta a surori da dama, kamar Rum da Yasin da Fussilat, a matsayin hujja a kan tashin ƙiyama. A Suratu Hud, Annabi Salihu ya tunatar da mutanensa cewa daga ƙasa aka halicce su kuma an ɗora musu raya ta. Suratu Saba'i ta ba da labarin mutanen da suke da gonaki dama da hagu, suka butulce, madatsarsu ta ɓalle, lambunansu suka koma ƙaya da 'yar magarya kaɗan.

A sunna, Imamu Malik a Muwaɗɗa, da Abu Dawuda da Tirmizi, sun ruwaito cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa shi ne mai ita, kuma wanda ya dasa a ƙasar wani bisa zalunci ba shi da haƙƙi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi ko shukarsa, sadaka ce a gare shi. Imamu Ahmad ya ruwaito umarnin dasa ɗan dabinon da yake hannun mutum ko da Alƙiyama tana shirin tsayawa.

Malamai sun saɓa a kan izinin shugaba. Abu Hanifa ya shardanta shi a ko'ina. Shafi'i da Ahmad, da almajiran Abu Hanifa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, ba su shardanta ba. Malikiyya suka rarrabe: abin da yake kusa da gari, inda mutane za su iya yin husuma a kansa, sai da izini, abin da ya yi nisa ba ya buƙata. Da yake a yau kusan babu filin da ba shi da mai shi a Borgu da Donga, ko dai na dangi ne, ko na sarauta, ko dajin gwamnati, hukuncin da ya shafe mu shi ne na neman izini. Babu wanda zai shiga dajin Wari-Maro ko na Kilir da gatari ya ce hadisi ya ba shi.

Akwai kuma hukuncin wanda ya kame fili ya ƙi aiki da shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka wa Bilal ɗan Haris Almuzani fili a kwarin Aƙiƙ. A zamanin Umar ɗan Haɗɗabi, da ya ga Bilal ya kasa noma shi duka, sai ya bar masa abin da zai iya, ya raba sauran ga Musulmi. Daga Umar ne kuma aka samo wa'adin shekara uku ga wanda ya kewaye fili da duwatsu bai raya shi ba. Wannan abin dubawa ne ga masu kuɗin birni da suke sayen ɗaruruwan hekta a ƙauyukan Paraku da Ndali su kafa allo su tafi. Dokar filaye ta Benin ta 14 ga Agusta 2013 ita ma ta ɗora wa mai filin karkara nauyin aiki da shi. Malaman ƙasar Hausa ba su bar wannan babi ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi masa littafi na musamman mai suna Ta'alimur Radi, a kan dalilan da suke keɓe wa mutum matacciyar ƙasa.

Wata mas'ala tana buƙatar natsuwa. A Muhtasar na Shehu Halil, ayyukan da ake raya ƙasa da su sun haɗa da fito da ruwa, da janye shi daga inda ya kwanta, da gini, da dashe, da huɗa, da fasa duwatsu, har da sare itatuwa. Ɗalibi zai iya karanta wannan ya ce ashe sara ma rayawa ce. Amsa ita ce ana nufin dajin da ya cushe ya hana amfani. Abin da shari'a take nema shi ne ƙasa ta zama mai amfani mai ɗorewa, kuma malamai da yawa sun ce al'ada da sanin masana ne suke bayyana abin da ake kira rayawa a kowane wuri. Idan gwaji ya nuna cewa share gona ƙarƙaf shi yake kashe ta, to barin itace a cikinta shi ne rayawar. Mutanen Maraɗi sun ga haka da idonsu.

Abin da ya faru a Maraɗi

Bayan farin 1972 zuwa 1974, gonakin jihar Maraɗi sun zama fili fetal. Malaman gona sun daɗe suna koya wa mutane cewa manomin kirki shi ne mai gona tas babu ko tsiro. Dokar daji da aka gada daga Faransa ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati, har mutum yana iya biyan tara don ya sassabe itacen da yake cikin gonarsa. Da manomi ya ga tsiro sai ya kawar da shi tun yana ƙarami, gudun kada ya jawo masa ma'aikatan daji. An kashe kuɗi masu yawa wajen rainon itatuwa a leda da dasa su, amma mafi yawansu fari da awaki da gara suka cinye.

A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da suke fitowa a gonaki kowace shekara, su sabara da kalgo da geza da taramniya, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare. Saiwarsu tana nan da rai, ta nutse inda danshi yake. Abin da suke buƙata kawai a rage musu rassa a daina datse su. Manoma suka sa wa aikin suna sassaben zamani. Mai hankali yana karɓar ilimi mai amfani daga duk inda ya fito, kuma shi kansa aikin ba baƙo ba ne: tun ƙarni na 19 sarakunan Damagaram suke da doka mai tsanani a kan sare gawo.

Yadda ake yi shi ne, lokacin sharar gona manomi ya zaɓi kututturan da yake so. A kowanne ya bar rassa mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya cire sauran da kaifin gatari ko lauje, yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Rassan gefe ya sassabe su zuwa rabin tsayin itacen. Ya riƙa dawowa bayan 'yan watanni yana cire sabon toho. Abin da ya cire ya zama itacen girki da abincin dabbobi. Da yake saiwar tsohuwa ce, itacen yana girma da saurin da dashe ba zai kamo ba.

A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci a ƙauyuka kusan 100, aka bar itatuwa wajen 500,000. Da rabon ya ƙare, aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga gero bai ragu ba, iska ta daina binne shuka, ga itace a ƙofar gida. Daga nan abin ya riƙa yaɗuwa daga manomi zuwa manomi. Hukuma ma ta sassauto: an yi babban taron ƙasa a kan hamada a Maraɗi a 1984, aka fitar da dokar karkara a 1993 da sabuwar dokar daji a 2004, sannan a 2020 aka fitar da ƙudurin da ya tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina a gonarsa. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga da ke Agye, jama'a suka kafa kwamitin tsaro da ya haɗa manoma da mata da makiyaya.

Da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi a tsakiyar shekarun 2000, sun ƙiyasta cewa gonaki kimanin hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram da kewaye sun farfaɗo, da itatuwa kimanin miliyan 200, da ƙarin hatsi wajen tan 500,000 a shekara. A gefen Damagaram gawo ne ya fi yawa. Shi gawo yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya.

Babban darasin Maraɗi shi ne mallaka. Saiwar ta daɗe a ƙasa. Abin da ya canza shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne. Wannan shi ne hikimar da take cikin hadisin da ya ba mai rayawa mallaka.

Inda saiwa ma ta mutu

A fakon da babu kututture, sai an fara da tsare ruwa. Tassa rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30 da zurfin 15 zuwa 20, ana haƙa shi da rani, tsakanin rami da rami kusan taki ɗaya na ƙafa, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Aiki ne mai wuya, hekta ɗaya tana cin ramuka sama da 10,000. Wanda ya shahara da inganta shi shi ne Yakuba Sawadogo na yankin Yatenga a Burkina Faso, manomi kuma almajirin allo, wanda ya mayar da fako daji mai faɗin sama da hekta 20. Shi da Rinaudo sun samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, kuma ya rasu a Disamba 2023, Allah Ya jiƙansa. A 1989 wasu manoman Illela ta jihar Tawa suka je Yatenga suka gani, suka dawo da shi gida, har ta kai ana sayen fakon da a da ko kyauta ba a karɓa.

Rabin wata kuwa babban rami ne mai siffar jinjirin wata da yake fuskantar inda ruwa yake gangarowa. Akwai kuma jera duwatsu a gicciye bisa gangare don rage gudun ruwa. A kwarin Majiya, daga 1975, an dasa layukan dogon yaro na ɗaruruwan kilomita don kare gonaki daga iska. A Keita, aikin da ya fara a 1984 da taimakon Italiya ya gyara sama da hekta 30,000 tare da dasa itatuwa kimanin miliyan 18, kuma mata ne suka yi mafi yawan ɗaukar duwatsun.

Hanyar kuɗi da injin

Akwai wata hanyar mayar da hamada gona, ta haƙo ruwan can ƙarƙashin ƙasa da manyan injuna. Saudiyya ta bi ta daga shekarun 1980, har ta zama mai sayar da alkama ga ƙasashen waje. Sai dai ruwan tsohon ajiya ne wanda ruwan sama ba ya mayar da shi. A 2008 gwamnati ta fara janyewa, zuwa 2016 ta rufe shirin sayen alkamar gida. Shi ma shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya fara ne da burin dasa itatuwa na tsawon kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, daga baya ya karkata ga irin ayyukan da manoman Nijar da Burkina suka riga suka gwada. Benin a nata ɓangaren ta yi alkawarin farfaɗo da hekta 500,000 a ƙarƙashin shirin AFR100.

Abin da ya dace da Borgu da Donga

Ba duk abin da ya yi aiki a Tawa zai yi a Jugu ba. Tassa da rabin wata an yi su ne don inda ruwa ya yi ƙaranci. A inda ake samun fiye da milimita 1,000, ramin zai riƙe ruwa ya ruɓar da shuka. Wurinsu shi ne fakon Karimama da Malanbil. A Paraku da Jugu matsalar ita ce ruwa mai yawa a kan ƙasa tsirara, don haka maganin shi ne rufe ta da rage wa ruwa gudu.

Sassaben zamani ya fi sauƙi a nan, domin kututture yana da yawa kuma toho yana da ƙarfi. Itatuwan da suka fi cancanta a bari su ne kaɗanya da ɗorawa, sai kirya da maɗaci da kawo da tsamiya a gefen gona. Kaɗanya tana ɗaukar shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, kuma da wuya ka ga wanda ya dasa ta. Waɗanda matanmu suke tsintar 'ya'yansu yau, kakanni ne suka tsallake su da fartanya. Idan gona tana da manyan kaɗanya amma babu ƙanana, to man kaɗe da daddawar jikoki ne ake ci tun yanzu. Da yake inuwar waɗannan itatuwa tana rage amfanin abin da yake ƙarƙashinsu, a bar tazara, a riƙa sassabe rassan ƙasa.

Sai barin karmami da kara su ruɓe a gona maimakon ƙonawa. Da yin kunya a gicciyen gangare. Da dasa layin gamba ko jema inda ruwa yake gudu. Da juya shuka, a bi masara ko auduga da gyaɗa ko wake ko waken suya. Da shuka waken nan mai yaɗo da ake kira mukuna a gajiyayyar saura, domin yana danne tofa yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Mai lambun kashu ya share hanyar wuta a kewaye tun kaka, ya kuma rage cunkoson itatuwa. Bakin rafi a bar masa itatuwansa. Mai neman ƙarin bayani yana da tsangayar aikin gona ta Jami'ar Paraku, wadda aka kafa a 2001, da cibiyar binciken noma da ke Ina, da malaman gona na ƙananan hukumomi.

Mai gona, mai aro da makiyayi

A nan ne mafi yawan ƙoƙari yake tsayawa. A al'adar yankin, dasa itace alamar mallaka ce, don haka wanda aka ba aron gona, baƙo ne ko mace ko ɗan zango, ba a yarda ya dasa ba. Shi kuma da ya san ana iya karɓe gonar baɗi, ba zai zuba taki ko ya raini itace ba. Zai tatsi abin da zai tatsa ya tashi. Mai gona yana tsoron rasa filinsa, mai aro yana tsoron rasa wahalarsa, ƙasa tana mutuwa a tsakaninsu.

Fiƙihun Malikiyya yana da mafita mai suna mugarasa: mai fili ya ba wani ya dasa itatuwa sanannu, idan sun kai lokacin da aka yanka, wanda bai wuce fara 'ya'ya ba, su raba filin da itatuwan bisa kason da suka ambata tun farko. Idan mai fili ba ya son rabuwa da ko taki ɗaya na ƙasar gado, yana iya ɗaukar mai dashen da lada sananne, ko ya yanka masa lada a kan kowane itacen da ya kama. Idan kuma itatuwan sun riga sun girma, akwai musaƙa, wato mai kula ya ɗauki kaso daga 'ya'yan, kamar yadda aka yi da mutanen Haibara a kan rabin amfani. Sharaɗin duka shi ne bayyana komai: iyakar fili, irin itace, shekaru, kaso, da abin da zai faru idan ɗayansu ya rasu. A rubuta, a kafa shaidu, a kai wa mai gari da ofishin magajin gari su sa hannu, don takardar ta yi aiki a gaban hukuma.

Makiyayi shi ma yana da haƙƙi. Hadisin Abu Dawuda da Ibnu Majah ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abubuwan da mutane suke tarayya a kansu. Malamai sun hana raya abin da yake harimin gari ne, wato makiyayarsa da wurin itacensa da hanyar mashayarsa. Wanda ya nome burtali bai raya ƙasa ba, haƙƙin jama'a ya ci. Haka makiyayin da ya sare kan maɗaci ko kawo gaba ɗaya don dabbobinsa, ko ya saki shanu a kan tsiron da wani ya raina, ya ci amana. Tsohuwar yarjejeniyar da shanu suke kwana a gona bayan girbi, su ci kara su bar taki, tana daga cikin mafi arhar hanyoyin raya ƙasa. Shugaba kuma yana da ikon keɓe wani wuri ya hana taɓa shi don maslahar jama'a, wanda ake kira hima, kamar yadda Annabi ya keɓe Naƙi'u, Umar kuma ya keɓe Rabaza. A kan wannan asali gari zai iya hutar da wani yanki na daji shekara biyu ko uku har ya farfaɗo.

Abin da masallaci da makaranta za su iya

Lokacin da ya fi dacewa liman ya yi huɗuba a kan wannan shi ne kaka, kafin a fara cinna wa daji wuta, da kuma bazara lokacin sharar gona. Benin tana da ranar dashen itace kowace 1 ga Yuni tun 1985. Abin da yake kashe dashen shi ne rashin mai kula bayan an ɗauki hoto an watse. Makarantar Islamiyya ta dasa goma ta ɗora kowanne a wuyan ɗalibi sananne ya fi ta dasa ɗari babu mai ban ruwa. Filin idi da maƙabarta da harabar makaranta duk wuraren dashe ne, kuma ana iya yin waƙafin lambun mangwaro ko kashu don albashin malamai. Kwamitin masallaci yana iya zama shaida a yarjejeniyar aron gona, ya kuma haɗa manoma da ardo su zauna kafin damina. Masu sana'ar gawayi kuwa, yawancinsu talauci ne ya kai su. Nasihar da za ta karɓu gare su ita ce wadda ta zo da mafita, kamar keɓe fili don itacen wuta mai saurin girma da barin kututture ya sake toho.

Mutanen Maraɗi sai da rumbu ya ƙare kafin suka gane abin da yake ƙarƙashin gonakinsu. Mutanen Paraku da Jugu har yanzu suna da ruwan sama, saiwa kuma tana nan da rai. Duk mai gona, idan ya fita shara bana, ya ƙirga kututturan da suke toho, ya zaɓi waɗanda zai bari.

Allah Ya sanya albarka a gonakinmu da dabbobinmu, Ya ba mu damina mai amfani, Ya kare mu daga fari da ambaliya da husuma. Allah ne Mafi sani.